Ƙwallon Direba Mai Ribas

"Wai don Allah, Mai Aski, da idonka ka ga ƙwallon nan ta koma da baya, ko kai ma labari aka ba ka?"

Tela ne ya yi tambayar daga bayan katanga, a kan bencin da mazan layin ke zama suna auna rayuwar mutane. Amarya tana tsakar gida tana shanya, da jiƙaƙƙiyar rigar mijinta a hannu. Ta tsaya cak. Shekara ta zagayo da aurenta, amma a gidan hayar nan Amarya ake ce mata har yanzu, don ba ta taɓa yin maganar da ta kai a ciro mata wani suna a ciki ba.

"Da idanuna biyun nan," in ji Mai Aski. "Daga cikin gidan nan ta taso, ta haye katanga, ta haye wayar wuta, ta sauko gaban shagona. Tsalle ɗaya ta yi, sai ta juya ta kama hanyar gida kamar wadda ta manta da wani abu a ɗaki."

"Kuma Direba ne ya buga?"

"To wa ke da sandar? Kakata?"

Amarya ta matse rigar nan har ta daina ɗiga, ta ƙara matsewa. Ita dai ta san wanda ya buga.

Ga yadda abin ya faro. Mijinta direban wani Manaja ne, kuma aikin nan ne ya fito da su daga gidan uwarsa, inda Amarya ta yi watanni a tsakiyar ƙannensa mata, waɗanda ko tari ta yi sai sun ce tarin raini ne. A nan gidan Inna, mai gidan hayar, ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin, amma na Amarya ne: labulenta, ƙofarta, makullinta. In aikin ya tafi ɗakin ya tafi, in ɗakin ya tafi sai gidan uwar miji. Wannan lissafin ba ya buƙatar karatu mai zurfi.

Shi Manaja mayen wasan golf ne, wasan manyan nan da ake buga 'yar ƙwallo da sanda. Duk ƙarshen mako Direba zai kai shi fili, ya zauna a wurin ajiye motoci yana goge mota, yana leƙen masu wasa ta ɓular shinge. Daga wannan leƙen ya zama malami. Zai dawo gida ya cire hula ya ce, "Yau na gyara wa Manaja tsayuwa. Ba don ni ba da ya ji kunya a gaban manya." Amarya takan ce, "Sannu da aiki," ta ɗauki takalmansa ta kai bayan ƙofa. Ba ta taɓa ganin ko silin ciyawa a jikinsu ba.

Sai Manaja ya yi tafiya, ya ce a kai motar gareji a duba ta, a mayar da ita gida a rufe. Direba ya ji rabin farko, rabin ƙarshe ya bi iska. Da yamma sai ga mota a layi, tana ƙyalli kamar ango. Ya buɗe but ɗin motar a gaban benci, ya zaro wata gajeriyar sanda daga jakar Manaja, mai kan ƙarfe a kwance kamar bakin cokali.

"Wannan shi ake kira gajeren ƙarfe," in ji shi. "Dogayen sandunan nan na masu ƙarfin banza ne, kowane ɗan dako zai iya. Amma gajeren ƙarfe sai mai ƙwaƙwalwa. Da shi nake ba ƙwallo umarni. In iska na kaɗawa in tura ta ta ƙasa. In gari lafiya in bi da ita ta tsakiya. In akwai bishiya a gabana in aika ta sama ta gaisa da shirwa. In ta sauko kuwa, in na ce tsaya ta tsaya, in na ce dawo ta dawo."

"Tana da ribas ke nan?" in ji Tela.

"Har da birki."

"A wace makaranta ka karanta wannan?"

"Kai da ke zaune kan keken ɗinki tun kafin a haife ni kana taka feda ba ka je ko'ina ba, me zan gaya maka ka gane? Sirrin ɗaya ne. Kwasa ake yi. Ka shiga ƙarƙashinta ka ɗaga, kamar ka kwashi ruwa da ludayi."

Washegari atisaye ya koma tsakar gida. Direba ya ajiye ƙwallo, ya buɗe ƙafafu, ya turo baya kamar agwagwa, ya kwasa. Ƙwallon ta bi ƙasa kamar harsashi, ta huda durom ɗin robar da Inna ke tara ruwa. Ruwa ya yi ta tsartuwa.

"Wannan ita ce ta ƙasa," in ji shi. "Da gangan."

Ta biyu ta fasa tukunyar furannin da Inna ke ji da ita. Ta uku ta daki katanga ta dawo ta same shi a ƙwauri. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana zagaya tsakar gida, hawaye a ido, yana cewa, "Kin gani? Ke, kin gani? Ta dawo!"

"Na gani," in ji Amarya, ta tafi ɗebo ruwan sanyi.

Inna ta fito tana ɗaura ɗankwali. Tsohuwa ce gajera, amma muryarta ta fi gidan tsawo.

"Kai ɗan nan, gidana ne ya zama filin yaƙi? Wace ce wannan kuma?"

"Ta ƙasa ce, Inna."

"Ɗazu ta ƙasa, yanzu ta ƙasa. Kai duk naka na ƙasa ne? Yaushe za ka yi ta saman, ko ma samu ta tafi gidan wani?"

"Ta sama tana son natsuwa, Inna. Gidan nan ya cika hayaniya."

"Hayaniyar ruwana ce da ke zuba, marar kunya!"

Ana cikin wannan hali ne abin ya faru. Wata rana bayan cin abincin rana Direba ya miƙe a ɗaki yana minshari, ya bar sandar jingine da bango, ƙwallo ɗaya a gefen rariya. Amarya tana shara sai ga wani ƙaton kyankyaso ya fito daga rariyar, ya nufo ƙafarta, ya raɓe a jikin ƙwallon. A duniya ba abin da Amarya ta tsana kamar kyankyaso. Ta yar da tsintsiya, ta wawuri abin da ke kusa, ta rufe ido ta sauke masa sandar da dukan tsoronta, daga sama zuwa ƙasa.

Kyankyaso ya tsira. Amma wani sauti ya fito, ƙas, mai daɗi, wanda ba ta taɓa ji a hannun mijinta ba. Ta buɗe ido ta ga ƙwallon tana hawa, tana wulwulawa, ta wuce katanga, ta wuce wayar wuta, ta zama ɗan ɗigo fari a sama. Sai kuma ihun maza daga waje.

Amarya ta jingine sandar a inda ta same ta, ta ɗauki tsintsiya.

Direba ya fito da zanen matashi a kumatu, yana murza ido. Mai Aski ya rungume shi a ƙofar gida, ƙwallon a hannu.

"Gwani! Ashe gaskiya kake faɗa! Ta sauko a inda na zubar da ruwan wanke kai, ta ciji ƙasa, ta yi ribas!"

Direba ya dubi ƙwallon, ya dubi sama, ya dubi Mai Aski. Bai ɗauki dogon lokaci ba.

"Au, sai yanzu ta sauko? Ai tun kafin in kwanta na buga ta."

To wannan ce ƙwallon da Tela ke tambaya a kai, don shi yana cikin shago lokacin. Kuma kafin rigar da Amarya ta shanya ta bushe, Direba ya gama tsara rayuwarsa. Zai buɗe makarantar koyon golf a unguwa. Mai Aski ne ɗalibi na farko. Ranar hutun ƙarshen mako za a taru a filin ƙwallon da ke bayan firamare, kowa ya gani da idonsa: ta ƙasa, ta tsakiya, ta sama, da mai ribas.

"In makaranta ta kafu," ya ce wa Amarya, "Manaja ma sai ya yi layi. Ni in zauna a baya, wani ya tuƙa ni."

"Sandar fa ta mutane ce," in ji ta, idonta a kan ɗinkin da ke cinyarta.

"Ni da Manaja ba mu da haka. Jiki ɗaya muke."

Matsalar ita ce har yanzu duk nasa na ƙasa ne. Ya koma bayan gari ya gwada shi kaɗai, ya dawo da guntun ƙwallaye da wani mai awaki yana bin sa da zagi. Ya zauna bakin gado yana jujjuya sandar a hasken taga, yana neman mai laifi, don ya tabbata ba shi ba ne. Can sai ya daka tsalle.

"Ga shi! Ga munafukin!"

Ya tura mata kan sandar a fuska. A jikin ƙarfen akwai wasu ƙananan tsagu a jere, layi bisa layi.

"Dubi yadda aka karce ta, kamar motar da yara suka bi da ƙusa. Yaya ƙwallo za ta tashi a kan wannan kaushi? Riƙe ta suke yi. Manaja bai iya kula da kaya ba, shi ya sa kullum ake cinye shi."

Amarya ta dubi tsagun. Ta ga sun miƙe sar, tazararsu ɗaya, kamar layin littafin makaranta.

"Maigida, ko dai da gangan aka yi su? Na ga kamar da rula aka ja."

"Ke da ko keke ba ki iya hawa ba za ki koya mini ƙarfe? Ni da nake goge mota har ƙuda ya zame a jikinta?"

Ya kai wa mai walda na bakin titi. Mai walda ya ɗaga tabaransa ya shafa tsagun da babban yatsa.

"Malam, ka tabbata? Wannan aikin kamfani ne."

"Kamfani ba ya kuskure ne? Goge min, har sai na ga haƙorana a ciki."

Mai walda ya ɗaga kafaɗa ya kunna injin gurza. Direba ya dawo gida da kan sanda sumul kamar bayan cokali. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko man goge mota ya shafe kan, ya ga ya yi kyau, ya shafe jikin, ya ga ya ƙara kyau, ya haura har mariƙi. Da ya ga mai ya rage a gwangwani, sai ya bi sauran sandunan jakar ya shafe mariƙansu, a cewarsa kyauta ce ga Manaja.

Ranar ta zo. Unguwa ta fito kamar za a raba wani abu. Mata suka tsaya gefe guda a inuwar katangar makaranta, Amarya a can bayansu, ta ja mayafi har goshi. Direba ya shigo da motar Manaja a hankali yana danna ham, ya ajiye ta a gefen fili inda kowa zai gani, ya kashe wayarsa don kada a raba masa hankali. Ya fito da hular Manaja a ka, da farar safar hannu a hannun hagu.

"Ɗayar fa?" in ji Tela. "Ko ɓera ya ci?"

"Ɗaya ake sawa."

Fili ya fashe da dariya. Wannan ce kaɗai gaskiyar da ya faɗa tun da aka fara maganar golf, kuma ba wanda ya yarda.

An ajiye bahon wankin Inna a tsakiyar fili. Inna da kanta ta kawo, ta ce ta fi so ta ga ƙarshen abin da idonta. Direba ya yi bayani: ƙwallon za ta tashi ta wuce bahon, ta sauka, ta yi ribas ta zo ta jingina da shi.

"In ta dawo ta biya ta shagona," in ji Tela, "ina da saƙo."

"Masu hassada su matsa baya."

Ya buɗe ƙafafu, ya turo baya, ya kaɗa sandar sau da yawa kamar mai korar ƙuda. Ya ja numfashi, ya kwasa da dukan ƙarfinsa. Iska ta yi fiu. Direba ya juya a kan dunduniya ya zagayo har ya fuskanci mata. Ƙwallon tana nan inda ya ajiye ta.

"Malam," in ji Tela, "ita ce za ta juya ko kai?"

"Gwajin iska ne wannan. Kowane gwani yana yi."

Ya sake. Wannan karon sandar ta nutse a ƙasa tun kafin ta isa wurin ƙwallon, ta ɗebo yashi ta watsa wa Mai Aski, wanda ya durƙusa kusa don kada sirri ya wuce shi. Ƙwallon ta mirgina kamar taku ɗaya ta tsaya.

"Birki!" in ji Direba. "Kun ga birki?"

"Na gani," in ji Mai Aski yana tofar da yashi, amma muryarsa ta fara sanyi.

"Mu dai ta saman muka zo gani!" Inna ta ƙwala daga cikin mata. "Ta ƙasa mun ƙoshi da ita a gida!"

Gumi ya fara sauko wa Direba daga ƙarƙashin hular Manaja. Ya goge kan sandar da gefen riga har ta ƙara ƙyalli. Ya jingina da baya sosai, don a tunaninsa wanda ke son abu ya tafi sama sai ya kalli sama. Ya kwasa.

Bakin ƙarfen ya sami ƙwallon a tsakiyar ciki. Ta tashi daidai gwiwar mutum, ta karkata dama, ta ratsa tsakanin ƙafafun masu kallo, jama'a suka dare, ta daki dutse ta ɗago. Sai ji aka yi tas.

Gilashin gaban motar Manaja ya zama saƙar gizo-gizo, da ɗan rami a tsakiya daidai inda direba ke kallo.

Fili ya yi tsit. A cikin shirun nan aka ji an rufe ƙofar tasi.

Wani mutum ne tsaye a bakin fili, da jakar tafiya a hannu, da fuskar wanda ya daɗe yana kiran waya a kashe. Ya je gida bai ga mota ba, ya je gareji aka ce tun tuni aka ɗauka, ya zo layi aka nuna masa inda unguwa ta tafi. Amarya ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta gane shi daga yadda mijinta ya durƙusa da sauri.

"Ranka ya daɗe! Sannu da hanya! Ai na zaci sai wani makon..."

Manaja ya ajiye jakarsa. Ya dubi gilashi. Ya dubi hularsa a kan wani. Ya miƙa hannu, Direba ya ba shi sandar. Ya juya kanta, ya ga fuskarsa a ciki, har da furfurar gemunsa.

"Ina tsagun?"

"Na gyara maka, ranka ya daɗe. Duk ta karce. Yanzu ko ƙuda..."

"Ka gyara." Manaja ya yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro. "Kai direba ne ko?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa kai taya a goge mata zane don ta yi sumul?"

"A'a, ranka ya daɗe, ai sai mota ta zame."

"To tsagun nan su ne zanen taya. Su ke kama ƙwallo su murɗa ta. Ka mayar mini da sanda cokalin shayi."

"Har da man goge mota ya sa," in ji Tela, don taimako.

Mai Aski ya matso yana share ido. Mutum ne mai amana, ko da yashi a baki.

"Ranka ya daɗe, a yi masa adalci. Wallahi ya taɓa yi. Daga cikin gida ya bugo ta, ta haye wayar wuta, ta sauko gaban shagona ta koma da baya. Ba ni kaɗai na gani ba."

Wasu suka ce haka ne. Manaja ya juyo. Fushi na nan a fuskarsa, amma mayen golf ɗin da ke cikinsa ya leƙo.

"Ta koma da baya? A kan ƙasa?"

"Kamar an ja ta da zare."

"Shekaru nake neman bugun nan ban samu ba." Ya buɗe but, ya zaro wani gajeren ƙarfe wanda tsagunsa ke nan lafiya, ya jefa ƙwallo a gaban Direba. "Ga shi. Bugu ɗaya. Ba ma sai ta dawo ba. Ta tashi sama ta wuce bahon can, ka riƙe makullinka, gilashi ni zan gyara. In ba ta tashi ba, ka san sauran."

Amarya ta runtse ido. Ta ga labulenta, ta ga ƙofarta, ta ga ƙannen mijinta a jere bakin ƙofar uwarsu suna murmushi. Ba ta san lokacin da ta ratsa mata ba. Ita da ko gaisuwa sai an matso ake jin muryarta, sai ga ta a tsakiyar fili kusa da mijinta.

"Maigida," ta ce ƙasa-ƙasa, "kada ka kwasa. Ka sauke mata daga sama, ka daki ƙasa. Kamar za ka kashe kyankyaso."

Da ya yi shiru ma da da sauƙi. Amma Direba ya ga jama'a, ya ga Manaja, ya ga dama ta ƙarshe ta nuna shi ne malami.

"Jama'a ku ji min mata! Ana so abu ya tafi sama, wai a daki ƙasa! Kyankyaso! Ke, nan kicin ne? Koma cikin 'yan'uwanki kafin ki ba ni kunya."

Aka yi dariya. Amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma da baya. Manaja kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya bi ta da kallo.

Direba ya cire safar hannun don ya ji daɗin riƙo. Ya tofa yawu a tafi. Ya kama mariƙin da shi da kansa ya shafe da mai. Ya jingina da baya har hular ta faɗi, ya tattara ƙarfin da Allah ya ba shi da wanda bai ba shi ba, ya kwasa.

Kuma a ƙarshe unguwa ta ga ta sama.

Sandar ce ta suɓuce. Ta tashi tana juyi kamar farfelar jirgi, ta wuce tsayin katangar makaranta, ta wuce bishiya, rana na walƙiya a jikinta. Kowa ya ɗaga kai, baki buɗe. Ta tsaya a can kamar tana tunani, sannan ta juyo, ta sauko a bayan Direba, a kan rufin motar Manaja, da wata ƙara kamar an jefar da tukunya. Direba yana zaune a ƙasa da ƙafafu a sama. Ƙwallon tana nan, fara tas, ko gezau.

"To, alhamdu lillahi," in ji Tela. "Ga tsayi, ga juyi, ga ribas. Ƙwallon ce kawai ba ta sami labari ba."

Dariyar da aka yi har masu wucewa a titi suka tsaya. Inna ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Mai Aski ya juya ya tafi shago ba sallama.

Manaja ya buɗe tafin hannu. Direba ya laluba aljihu ya ɗora makulli a kai. Manaja ya ɗauki hularsa daga ƙasa ya kaɗe, ya tattara sandunansa, ya buɗe mota. Kafin ya shiga ya waiwayo.

"Da ka ji maganar matarka, da makullin nan yana aljihunka."

Ya ja motar a hankali, kansa a waje ta taga, don ta gilashi ba a ganin komai.

Wata bai ƙare ba Amarya ta sauke labulenta. Tana ninke shi tana jin muryar mijinta daga bayan katanga, a kan benci.

"Ni na ajiye aikin da kaina. Tuƙi yana ɓata wa ɗan wasa kafaɗa. Kuma ranar nan iska ce ta juya. Amma ƙwallon farko fa? Mai Aski, faɗa musu ƙwallon farko."

"Ni aski nake yi," in ji Mai Aski.

Inna ta shigo ɗakin ba sallama, ta zauna a kan akwati. Ta daɗe tana kallon yarinyar nan tana ɗaure kwanuka a zani.

"Zan yi kewarki, 'yar nan. Ke ba ki taɓa fasa mini komai ba." Ta rage murya. "Zo nan. Tsakanina da ke. Ranar da ƙwallon nan ta haye katanga, ni ina jin minsharinsa har ɗakina. Kuma a fili na ji kina maganar kyankyaso. Wa ya buga?"

Amarya ta buɗe baki za ta faɗa. Ta tuna sautin nan, ƙas, da ɗan ɗigo fari a sama. Sau ɗaya a rayuwarta ta yi abin da ya sa maza ihu, kuma ba wanda ya sani.

Sai ta auna. In ta gaya wa Inna yanzu, kafin la'asar layi ya ji. Kafin magariba mijinta ya hau benci ya ce, "Ai ni na koya mata." Gobe ya buɗe makarantar mata, ya ɗora ta a gaba da sandar aro, a gidan uwarsa, inda tagogi suka fi na nan yawa, ga ƙannensa a jere suna jiran abin faɗa.

Ta sunkuyar da kai.

"Inna, ni shara nake yi."

Inna ta dube ta, ta dube ta, ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta tashi ta fita.

Amarya ta sa hannu a bayan ƙofa, inda takalman mijinta ke zama, ta ciro ƙwallon da Mai Aski ya dawo da ita ranar nan. Har yanzu da ɗan tabon laka a gefe. Ta tura ta can ƙasan akwati, ƙarƙashin labulen, ta rufe, ta zauna a kai. Ko Inna, ko uwarta, ko shi mai makarantar, ba wanda zai ji wannan daga bakinta.